Na Faɗa wa Mma Abin da Muka Karanta, Ta Daina Yi Mini Magana

Assalamu alaikum Anti,

Ni ɗaliba ce 'yar shekara 19 daga unguwar Mamobi a Accra ta Ghana, ina aji ɗaya a jami'a a Legon, daga gida nake zuwa, kuma saikoloji, wato ilimin halayyar ɗan'adam, yana cikin darussan da nake ɗauka. Tun da muka fara, kowane babi na buɗe sai in ga gidanmu a ciki. Ƙanena ɗan shekara takwas yana fitsarin kwance. Duk ranar da ya yi sai Mma ta zane shi, ta fito da katifarsa tsakar gida, yaran 'yan haya su taru suna masa amalala. Babanmu direba ne, mai motar ya sayar da ita wata bakwai da suka wuce, tun lokacin yake zaune a ɗaki, ko majalisa ba ya zuwa, duk ya rame. Mma ce ke riƙe da gidan da waakye, wato shinkafa da wake, da take sayarwa.

Wata Asabar tana cikin dukan yaron na kasa haƙuri. A gaban matan gida na ce mata haushin Baba take hucewa a kan yaro, mun karanta hakan. Ta ce ƙarya nake yi, na ce wannan musun da take yi ma yana cikin littafi. Bayan kwana biyu na ce wa Baba dipireshan, wato ciwon damuwa, ke damunsa. Matar yayana ma na taɓa ce mata nasisis, wato mai cutar son kai, don komai sai ta nuna ita ce. Yau mako biyu ke nan Mma gaisuwa kawai take amsa mini, Baba kuma ya ce in dai karatun mahaukata ne ke koya wa yarinya raina iyayenta, gara in bar shi in nemi makarantar nas. Ga shi ni kaina da na karanta babin cututtukan ƙwaƙwalwa sai na ga kamar duk ina da su. Anti, laifi ne don na faɗi gaskiya? Ko in canza kwas ɗin?

Ɗaliba daga Mamobi

Wa alaikumus salam 'yata,

Kada ki canza kwas. Ki je ki ba Mma haƙuri, kuma kada ki bari wata Juma'ar ta zagayo ba ki yi ba.

Na yarda tausayin ƙaninki ne ya ɗaga ki, kuma duk wanda ya taɓa ganin idon yaron da ake wa amalala ba zai ga laifinki a nan ba. Inda muka raba hanya shi ne da kika ce gaskiya kika faɗa. Maganganu huɗu kika jefa wa mutanen gidanku: huce haushi, musu, dipireshan, nasisis. Babu ko ɗaya da kike da hujjarta. Maganar da karatunki ya tsaya mata da ƙarfi, wato duka ba ya tsayar da fitsarin kwance, ita ce ban ga kin faɗa ba.

Mu fara da huce haushin. Shi da musun gaskiya duka daga wurin Sigmund Freud suka fito, likitan nan na Vienna, kuma 'yarsa Anna ce ta tsara su a 1936 cikin jerin dabarun da zuciya ke kare kanta da su daga abin da ba ta iya ɗauka. Bahaushe ya daɗe da sanin a bar jaki a doki taiki, don haka ba na musun yana faruwa. Amma ta yaya kika san shi ne ke cikin zuciyar Mma ranar Asabar ɗin nan? Dubi yadda kika ɗaure ta. In ta ce e, kin yi daidai. Da ta ce a'a, kika ce musun ma alama ce, kin sake yin daidai. Zancen da babu amsar da za ta iya kayar da shi bai zama ilimi ba tukuna, kuma wannan ne babban sukar da masanin falsafa Karl Popper ya yi wa mazhabar Freud. Malamanku za su koya muku Freud saboda tarihi da tasirinsa, amma yawancin binciken da ake yi a yau ba a kansa aka gina shi ba.

Koma babin farko, wanda na san da gudu kika wuce shi don ba shi da daɗi. A can aka gaya muku ana ƙirga haihuwar wannan fanni daga 1879, lokacin da Wilhelm Wundt ya buɗe ɗakin gwaji a Leipzig ta Jamus. Mutane sun yi dubban shekaru suna magana a kan zuciya da hali, me ya sa sai daga ɗakin gwaji ake ƙirgawa? Don daga nan aka fara raba zato da abin da aka auna. Abin da kika faɗa wa Mma zato ne, zato kuwa gwada shi ake yi. Kafin a sayar da motar, Mma tana dukan yaron a kan fitsari ko ba ta yi? In tana yi, zatonki ya faɗi tun a nan. In kuma dukan ya ƙaru ne bayan zaman Baba, har yanzu da saura, domin zuwan abu biyu tare ba ya nuna ɗaya ne ya haifi ɗayan. A wata bakwai ɗin nan ba zaman Baba kaɗai ya canza ba. Cefane ya koma kanta, barcinta ya ragu, sabulun wankin zanen gado da ruwan da ake saya galan-galan idan famfo ya ɗauke, duk daga ribar waakye suke fita.

Akwai wani kuskure da za ki tarar a babin zamantakewa, wanda Lee Ross ya raɗa wa suna a 1977: idan muna fassara halin wani, mukan ɗora nauyin a kan irin mutumin da yake, mu manta da yanayin da yake ciki. In ke kika makara lacca, cunkoson mahaɗar 37 ne da trotro, motar haya, da ya ƙi cika. In 'yar ajinku ce, malalaciya ce. Mai waakye kuwa, kin fi ni sani, tun tsakar dare take kan murhu, ga miya, ga shito, ga taliya, ga gari, don ma'aikata su samu kafin ƙarfe bakwai. Matar da ta yi wannan ta leƙa ɗaki ta tarar da katifa sharkaf, ba sai an tono ƙarƙashin zuciyarta ba kafin a gane abin da ke sa hannunta saurin tashi. Ban ce dukan daidai ne ba. Cewa nake bayanin da ke gabanki ya fi wanda kika ɗauko daga Vienna ƙarfi, kuma shi yana da magani: a rage mata aikin.

Bari in ɗan ratse. Nazarin da Jeffrey Arnett ya wallafa a 2008 a kan manyan mujallun saikoloji ya nuna kashi 96 cikin ɗari na mutanen da aka yi bincike a kansu daga ƙasashen Yamma masu masana'antu suke, alhali ƙasashen nan kusan kashi 12 ne na mutanen duniya. Ba a gidan haya mai ɗaki goma sha biyu da bayi ɗaya aka rubuta littafinki ba. Shi ya sa nake so 'ya'yan Zango irinki su zauna cikin fannin har su yi nasu binciken. Kafin nan ki riƙa tambayar kowane babi: a kan su wa aka gwada wannan?

Me ya sa maganarki ba ta shiga ba, sai ma ta ƙara dagula al'amari? Leon Festinger ya yi bayaninsa a 1957. Mutum ba ya samun sukuni da tunani biyu masu karo da juna, sai ya san yadda ya yi ya kawar da ɗaya. Mma ta san ita uwa ce da ke shan wahala dare da rana saboda 'ya'yanta. Kin zo kin ce tana zaluntar ƙaraminsu. Dole ɗaya ya fita, kuma naki ya fi sauƙin fitarwa: yarinya ta shiga jami'a ta koyo rashin kunya. Da a ɗaki kika faɗa, ku biyu, da akwai yadda za ta sauko ba tare da ta ji kunya ba. Amma a tsakar gida kika yi, gaban matan da za su kai labarin bakin famfo da gidan suna. Yanzu ko ta so daina dukan, tana tunanin za a ce 'yarta ce ta yi mata karatu.

Buɗe Suratu Maryam, aya ta 42 zuwa ta 45. Annabi Ibrahim (AS) yana gaya wa mahaifinsa cewa wani ilimi ya zo masa wanda bai zo wa uban ba, kuma zancen tauhidi ne, wanda ya fi duk abin da ke tsakaninki da Mma girma. Duk da haka kowace magana da "ya babana" ya fara ta.

Ki same ta bayan ta dawo ta huta, ban da lokacin da take kan wuta. Ki durƙusa ki ce, "Mma, na yi miki rashin kunya a gaban mutane, ki yafe mini." Ki tsaya a nan, kada "amma" ta biyo baya. In kin san fushin ya yi nisa, ki biya ta wurin yayarta ko wata Hajiyar da take jin nauyi ta raka ki. Sannan wata rana daban ki ce kina so ki karɓi wankin yaron da kula da shi da dare, ki ɗauke mata. Wannan roƙon za ta amsa shi don sauƙi ne gare ta, kuma ta nan za ki raba yaron da bulala ba tare da kin ce wa kowa ya yi kuskure ba.

Yanzu ga inda karatunki ke da ƙarfin gaske, babin koyo. B. F. Skinner ya gina aikinsa a kan cewa abin da ya biyo bayan hali shi ke sa halin ya ƙaru ko ya ragu. Duk abin da ya sa hali ya ƙaru, ƙarfafawa ce. Wanda ya sa ya ragu, horo ne. Ƙarfafawa iri biyu ce, kuma a nan ɗalibai ke zubar da maki: ko a ba ka abin da kake so, ko a ɗauke maka abin da ke damunka. Yaro ya yi birgima a gaban kanti, uwa ta saya masa biskit. Shi an ba shi abin da yake so, gobe zai sake birgima. Ita an ɗauke mata kuka da idon mutane, gobe za ta sake saya. Duka biyun an ƙarfafa su, babu wanda aka hora. Ki riƙe wannan, zai fito muku.

Ma'aunin horo a wannan ilimi ɗaya ne: halin ya ragu? An daɗe ana dukan ƙaninki, fitsarin bai tsaya ba. To a ma'aunin Skinner ma dukan bai kai a kira shi horo ba, azaba ce kawai. Kuma ba zai yi aiki ba, domin tsoron bulala yana hana abin da mutum ke yi yana sane ne, shi kuwa yaron barci yake yi. Abin da dukan ke koya masa daban ne, irin koyon da Ivan Pavlov ya gano a Rasha da karnukansa, inda abu biyu masu zuwa tare suke haɗewa a ƙwaƙwalwa. Wayewar gari ta haɗe da bulala, dare ya haɗe da fargaba. Yaron da ke cikin wannan hali yakan fara ɓoye zane, ya ƙi kwana gidan kaka, ya ƙi shan ruwa tun la'asar.

To me ya sa Mma ke ganin dukan yana aiki? Fitsarin kwance yana zuwa yana tafiya da kansa, yau a jiƙa, gobe a tashi a bushe. In daren bushewa ya faɗo bayan duka, sai a ce kin gani, ya ji a jikinsa. In ya sake jiƙawa, sai a ce dukan ne bai isa ba. Zuciya tana neman abin da zai goyi bayan ra'ayinta, ta kau da kai daga saura. Peter Wason ya nuna haka a gwajin da ya yi a 1960. Kafin ki yi murmushi, ke ma abin da kike yi ke nan tun ranar da kika yanke cewa haushin Baba ne.

Ga abin da likitocin yara suka sani. Kusan yara 15 cikin 100 masu shekara biyar suna fitsarin kwance, kuma duk shekara wajen 15 cikin 100 na masu yi suna dainawa ba tare da an yi musu komai ba. Yana bin jini sosai. In kika bincika a hankali da wuya ki rasa kawu ko baffan da ya yi, sai dai ba wanda zai ɗaga hannu. Yawanci abu uku ke haɗuwa: jikin yaron yana tara fitsari da yawa da dare, mafitsararsa ba ta riƙe da yawa, kuma cikarta ba ta iya tashinsa daga barci. Taurin bayan gida yana ƙara shi, don hanjin da ya cika yana danne mafitsara.

Ki ɗauki katinsa na inshorar lafiya ki kai shi asibiti a duba fitsarinsa, musamman in ya taɓa yin wata shida a bushe sannan abin ya dawo, ko yana yawan jin ƙishi, ko yana jin zafi wajen fitsari, ko yana jiƙa wando da rana. Waɗannan na iya nuna ƙwayar cuta a mafitsara ko ciwon sukari. A nan Ghana, inda kusan jarirai 2 cikin 100 ake haifa da sikila, in ba a taɓa yi masa gwajinta ba a yi, domin ƙodar mai sikila tana sakin ruwa da yawa, shi ya sa fitsarin kwance ya yawaita a cikinsu.

A gida kuma, ya sha ruwansa sosai da rana, a rage daga magariba, ban da shayi da lemon kwalba da dare. Ya yi fitsari kafin ya kwanta. A shimfiɗa leda ƙarƙashin zanen gado, a ajiye masa bokiti a kusa, don ɗan shekara takwas ba zai ratsa tsakar gida cikin duhu zuwa bayin haya ba. Shanya a yi ta inda yara ba sa gani. Ki sami takarda ki riƙa rubuta kowane dare, bushe ko jiƙe, da abin da ya sha, za ta yi wa likita amfani. Lada kuma ki ba shi a kan abin da ke hannunsa: ya je fitsari kafin barci, ya gaya miki da safe bai ɓoye ba, ya taya ki cire zane. Kada ki ɗora lada a kan tashi a bushe, wannan ba a ikonsa yake ba, ranar da ya rasa sai ta zame masa wata bulalar. Kuma ba sai kuɗi ba. Yabo a gaban Mma ya fi masa sidi biyu.

In watanni suka wuce babu sauyi, likita yana da magani, akwai kuma wata na'ura da aka gina a kan babin nan da kike karantawa. Wasu mata da miji masana saikoloji a Amurka, Hobart da Willie Mae Mowrer, suka fito da ita a 1938: shimfiɗa mai ƙararrawa da ke kaɗawa da zarar ɗigon farko ya taɓa ta, yaro ya farka. Cikin makonni jiki yakan koyi haɗa cikar mafitsara da farkawa. Har yau tana cikin hanyoyin da suka fi aiki. Ki tambayi likitan ko ana samunta.

Batun Baba ya fi tsaya mini a rai, kuma a nan idonki ya ga wani abu. Namijin da ya saba fita tun asuba ya koma wata bakwai a ɗaki, ya bar majalisa, ya rame, abin dubawa ne. Amma lura aikinki ce, sa wa ciwon suna aikin wani ne. Kafin ƙwararre ya ce ciwon damuwa ne, yakan nemi alamomi biyar cikin tara da suka ɗauki aƙalla mako biyu, ɗaya daga ciki dole ta zama baƙin ciki mai ɗorewa ko rashin jin daɗin abin da aka saba jin daɗinsa, kuma sai ya tabbata ba wata cutar jiki ce ke kawo su ba. Rama a jikin dattijo na iya zama sukari, na iya zama tarin fuka. Ko likitocin ƙwaƙwalwa na Amurka, tun 1973 ƙa'idar ƙungiyarsu ta hana su laƙaba wa wani sananne cuta ba tare da sun duba shi ba, bayan wata mujalla ta tara sama da dubu daga cikinsu a zaɓen 1964 suka ce hankalin ɗan takarar shugaban ƙasa Barry Goldwater bai kai ya yi mulki ba. Ya kai mujallar ƙara ya ci. A ƙasar nan dokar 2013 ce ta kafa majalisar da ke ba masana saikoloji lasisi, kuma sai da digiri na biyu da horo a asibiti mutum ke zama ƙwararren da ke duba marasa lafiya. Ke kina aji ɗaya.

Ki kuma saurari maganar da kunnen Baba. Ke dipireshan kika ce, shi Pantang, asibitin mahaukata, ya ji. Mutum ya rasa mota, yana kallo matarsa ke ciyar da gida, sai ga 'yar cikinsa tana ce masa ya taɓu. Ramar ce za ta kai shi asibiti cikin mutunci. Yayanki, ko amininsa na majalisa, ko limamin masallacinku ya ce masa, "Alhaji, ka rame, mu je a auna jini da sukari." A can wanda ya raka shi ya gaya wa likita zancen zaman ɗaki da barci da cin abinci. Asibitocin gwamnati da yawa suna da nas-nas na lafiyar ƙwaƙwalwa, ba sai an dangana da Pantang ko asibitin Adabraka ba. Abokansa direbobi su riƙa biyo masa, ko da rakiyar tasha ce. Fita da ganin mutane da samun abin yi suna cikin maganin da ƙwararru da kansu ke bayarwa. Abu ɗaya ne ba ya jiran dabara: in kika ji yana cewa gara ya mutu, ko ya zame muku kaya, ko ya fara rabon kayansa, a ranar za ku kai shi, kuma kada a bar shi shi kaɗai. Majalisar dokoki ta cire yunƙurin kashe kai daga jerin laifuka a 2023, babu tsoron 'yan sanda a ciki.

Ranar da kuka shirya, in zancen karatun mahaukata ya sake tasowa, ki ba shi labarin Abu Zaid al-Balkhi, malamin Musulunci da ya rasu a 934 miladiyya. A littafinsa Masalihul Abdan wal Anfus ya ce rai yana ciwo kamar yadda jiki ke yi, ya kuma raba baƙin ciki gida biyu: wanda aka san sanadinsa, kamar rashin masoyi ko dukiya, da wanda ke sauko wa mutum babu dalili, wanda ya danganta da jiki ya ce yana bukatar magani. Ki kuma gaya masa masu wannan karatun suna aiki a makarantu, da asibitoci, da kamfanoni wajen ɗaukar ma'aikata, da gidajen yari, da rundunar soja. Ina zaton ma bakinki ne ya dame shi fiye da kwas ɗin. In bakin ya gyaru, zancen makarantar nas zai mutu da kansa.

Ke kuma da kika ga kanki a kowane shafi, ba a kanki aka fara ba, ɗaliban likitanci sun shahara da wannan. A 1948 Bertram Forer ya yi wa ɗalibansa 39 gwajin hali, daga baya ya miƙa wa kowa takardar da ya ce bayanin halinsa ne shi kaɗai. Ya ce su auna dacewarta daga sifili zuwa biyar, matsakaicin makin ya kai kusan 4.3. Ashe takarda ɗaya ce ya raba wa kowa, kuma daga littafin taurari na bakin titi ya tsinto yawancin jimlolin. Alamomin babin nan haka suke in aka karanta su tsurarsu: wa bai taɓa rasa barci ba, wa bai taɓa komawa ya duba ko ya kulle ƙofa ba? Abin da ke mayar da alama cuta shi ne tsananinta, da daɗewarta, da hana mutum gudanar da rayuwarsa. Kina zuwa lacca, kina cin abinci, kina dariya da ƙawaye? To rufe babin ki kwanta. In kuwa barci ya ƙaurace miki makonni, karatu ba ya shiga, kuka na zuwa babu dalili, jami'arku tana da cibiyar ba ɗalibai shawara, ki je. Gidanku na cikin matsi, ba abin mamaki ba ne ke ma ki ji nauyinsa.

Saura matar yayanki. Na fi zaton daga TikTok kika ɗauko mata wannan suna. Cutar da ake nufi da shi ba ta da yawa, ƙwararru ma sai sun daɗe da mutum kafin su ambace ta, kuma son a san da ita a gidan biki bai kai can ba. In akwai abin da ta yi miki, ki faɗi abin da ta yi da ranar da ta yi shi, wannan ana iya amsa shi a kuma gyara. Ita ma haƙuri za ki ba ta, sai dai wannan ba sai kin nemi rakiyar Hajiya ba.